Zakanya a Bakin Kwarin Gishiri

Da hantsi ne, amma rana ta riga ta yi zafi kamar azahar, sama kuwa wasai, ko ɗan gajimaren da zai yaudari mutum babu. Damina biyu ke nan ruwa ya ƙi sauka. Sironka yana tsugune a gindin motarsa, a harabar kamfanin da ke kai baƙi kallon namun daji a garin Narok, yana duba iskar taya, sai wayarsa ta yi ƙara.

Lenkai ne, wansa. In ka ga Lenkai ya kira, to dutse ya hau, don inda yake waya ba ta kamawa sai a can sama.

"Mai-karsana," in ji Lenkai, yana haki.

"Mai-karsana. Ya shanu?"

Haka suke kiran juna tun ranar da aka yi wa Sironka kaciya, ranar da Lenkai ya shiga garkensa ya kamo wata jar karsana ya ba shi. Wanda ya ba ka dabba ai ba ka ƙara kama sunansa, shi ma ba ya ƙara kama naka, sai dai sunan dabbar a tsakaninku. Karsanar nan Nanyokie ake ce mata. Ta girma, ta haihu, ta tsufa, har ya zama yawancin abin da ya rage a garken gidansu 'ya'yanta ne da jikokinta.

"Suna tsaye," in ji Lenkai. "Waɗanda ke tsaye dai."

Sironka bai ce nawa ba. A al'adarsu ba a ƙirga shanu. Ya dai san garken da a da in ya taso sai ƙasa ta girgiza, yanzu inuwar bishiya ɗaya ta ishe shi.

"Ina kuke?"

Lenkai ya yi ƙasa da murya, kamar dutsen zai kai ƙararsa. "Na shigar da su ciki. Kwarin Gishiri."

Kwarin Gishiri cikin gandun dajin Oltome yake, inda doka ta hana saniya taka ƙafa. Wanda duk aka kama, masu gadin gandu kan kora shanunsa su kulle a shingen bakin ƙofa har sai alƙali ya zauna. A shingen nan kuwa ƙasa ce tsura. Saniyar da ta rame irin ramar bana, in ta kwanta a can ba ta tashi.

"Kada ka yi mini shiru," in ji Lenkai. "Ina kake so in kai su? A waje ko akuya ba ta samun abin tsinka. Nan akwai ɗan tsanwa a bakin rafi. Na cusa ciyawa a ƙararrawarsu, ba mai jin motsinmu. Kaska ce ta dame su, sai zakuna, tun da muka shigo suke zagaya mu. Ka sayo maganin kaska da ɗan garin masara, ka ba ɗan acaɓa ya ajiye mini a kan iyaka, zan je in ɗauko."

"Kan iyaka ai wuni ne, zuwa da dawowa. Wa za ka bar wa shanun?"

"Wa gare ni? Allah."

"Ni zan iya kawo maka har bakin kwarin."

"A'a! Kai da motarka kamar mushe kuke, duk inda kuka tsaya sai ungulaye sun taru. Ka kai Turawanka wani dajin. Ka ji ni, Mai-karsana?"

"Na ji. Nanyokie fa?"

Muryar Lenkai ta ɗan yi laushi. "Tsohuwarka tana nan, ita ke ja musu gaba. Ta haifi ɗan maraƙi mai farin goshi. Nonon ba wani abin kirki ba ne, amma yana bin ta."

Wayar ta yanke.

"Kai, Bamasai! Ka gama hira da shanun?" Wachira ne, abokin aikinsa, ɗan manoman dankali, yana jingine da tasa motar yana sakace.

"Na gama, ɗan dankali. Sun ce a gaishe ka, wai kun yi kama ta baya."

"Ni da na yi kama da su da an ba ni fili in yi kiwo kyauta."

"Ku raba ni da shirme, ku zo nan," in ji Mama Nduta, mai kamfanin, daga bakin ofis. Ta nuna baranda da haɓa. Wasu tsofaffin Turawa ne biyu a zaune, mata da miji, sun sha hular rana, gabansu kofunan shayi. "Henrik da Ilse. Zuwansu na uku ke nan ƙasar nan, ba su taɓa ganin zaki ba sai na jikin kuɗin shilin. Tsohon ya ce wannan ne zuwan ƙarshe, likita ya hana shi doguwar tafiya. Yau kaɗai gare su. Sironka, naka ne. Wane gandu?"

Gandu uku ne mota za ta iya kaiwa, baƙi su kwana a kusa.

"Enkare yana da ruwa," in ji Sironka a hankali. "Dorina, kada, giwaye duk sun taru a bakin kogi."

"Ba dorina na tambaye ka ba. Dorina ga ta nan a gabana tana sakace."

"Mama, ni kuma me na yi?" in ji Wachira. "Amma gaskiya Enkare ba zaki, sun tashi tun bara. Naibor kuwa hanya lafiya lau, sai dai wari. Jakunan dawa sun mutu a kan titi kamar an shanya. Makon jiya wata baƙuwata ta yi amai a kan kujera, har yanzu ina jin abin. Oltome ne kawai. An ji rurinsu ta gabas. Ni dai can zan kai 'yan makarantata yau, in bi gabas ɗin nan lungu-lungu."

Gabas. Ba abin da ke gabashin Oltome sai Kwarin Gishiri.

Mama Nduta ta dubi Sironka ta saman tabarau. A bakin iyakar Oltome aka haife shi, ba ta taɓa yi masa musu a kan dajin nan ba. In ya ce Enkare, Enkare za ta tura shi, ya yi nisa da kwarin kamar yadda wansa ya ce. Amma to, Wachira fa? Shi da sauran direbobi za su yi ta shawagi a gabas ba mai juya su. In kuwa yana ciki, ya san yadda zai ja su yamma. Ya kai maganin da hannunsa, ba sai Lenkai ya bar shanu wuni guda da zakuna ba. Can ƙasan ransa kuma akwai wani abu da bai faɗa wa kansa ba: yana son ko daga nesa ya hangi jar saniyar nan da ɗanta.

"Oltome," in ji shi.

"Ka tabbata?"

"Na tabbata, Mama."

Ya tsaya a kasuwa ya sayi maganin da garin, ya ɗaure a baƙar leda ya tura ƙarƙashin kujerarsa. Tsofaffin ba su da rigima. Henrik dogo ne, hannunsa na rawa, kyamara rataye a wuyansa, sai matar ta riƙe masa in zai ɗauki hoto. A hanya suka yi ta wuce fatun shanu a shanye a kan ƙaya, da mata ɗauke da jarkoki, da rugage waɗanda aka toshe ƙofarsu da reshe aka tafi. Ilse ta tambaya ina mutanen suka je. Sironka ya ce sun bi ciyawa. Ba ta ƙara tambaya ba.

A ƙofar gandu Sajan Chebet ce, shugabar masu gadi, mace siririya marar yawan magana. Ta leƙa motar, ta gaida baƙi, ta dubi Sironka.

"Ya gida? Ya farin nan?"

"Da sauƙi, Sajan."

"Shanunku suna ina bana?"

"Sun yi kudu."

Ta ɗan jima tana kallonsa, sannan ta ɗaga sandar ƙofa. A hannun hagu shingen nan ne, wayam, ƙasa fara fat, da wata tsohuwar kwatarniyar siminti da ta tsage.

Aikin direban daji rabinsa a kan oba-oba yake, na'urar da direbobi ke magana da juna ta cikinta. Wanda duk ya ga abin kirki sai ya sanar, kowa ya kawo baƙinsa. Yau kai ka gani, gobe wani. Ba a kiran dabba da sunanta, don kada baƙi su ji su sa rai, zaki mai geza ake ce masa, damisa ta sama, karkanda mai ƙaho. Ɓoye gani kuwa shi ne babban abin kunya. Akwai wani da ya taɓa ɓoye damisa don baƙinsa su more su kaɗai, ranar da motarsa ta kafe a taɓo kowa ya wuce shi yana ɗaga masa hannu, sai da ya wuni. Shekarun da Sironka ya yi a kan sitiyari, hannunsa ya saba: ido na gani, hannu na kan oba-oba, tun kafin kai ya yi tunani. Su ma masu gadi suna sauraro, don in motoci suka taru sai sun zo sun tsare, kada a matsa wa dabba.

Da wannan oba-obar ya yi aiki duk safiyar nan. Ya nufi yamma, fadamar da ta bushe, ya ga giwaye suna tonon ruwa da haure, ya sanar. Ya ga raƙuman dawa, ya sanar. Ya ga sawun damisa na jiya, ya ce kamar na yanzu ne. Motoci suka yi ta kwarara yamma.

"Bamasai, yau bakinka ya buɗe," in ji Wachira ta oba-oba. "Saura ka sanar mana ka ga ƙadangare."

"Na ga wani yanzu, yana tuƙa 'yan makaranta."

Dariyar direbobi ta cika na'urar. Sironka bai yi dariya ba. Giwayen nan ƙasusuwan kwatangwalo duk a waje, wata ƙarama tana tsaye a gefen uwarta ba ta ko kaɗa kunne. Henrik ya ɗauki hoto ɗaya ya sauke kyamara.

"Zakin fa?" ya tambaya, da murmushi irin na wanda ya saba a ce masa babu.

"Sai an yi haƙuri, Baba."

Da rana ta take tsaka ya sanar cewa baƙinsa sun gaji, zai kai su inda ba hayaniya su ci abinci. Ya zame ta wata tsohuwar hanya, ya yi gabas shi kaɗai. A bakin Kwarin Gishiri akwai wata farar ƙaya da tsawa ta tsaga biyu, nan ya tsaya. Ya shimfiɗa musu abinci a kan murfin mota, ya zuba shayi, ya ce zai ɗan zaga. Ya ɗauki ledar a ɓoye ya cusa ta a kogon bishiyar, sannan ya tsaya a gaɓa ya leƙa ƙasa. Kwarin ya yi duhu da sarƙaƙiya, can tsakiya wani ɗan zare na tsanwa. Ba saniya, ba hayaƙi, ba motsi. Lenkai ya iya ɓuya. Sironka ya sa yatsu a baki ya yi fito irin na tsuntsun da suke kwaikwaya tun suna kiwon maruƙa. Can sai amsa ta zo daga nesa, gajera, sau ɗaya. Ya san wansa ya ji, ya kuma san ransa a ɓace yake. Ba komai, in ya ga maganin zai huce.

Ya dawo mota da sauƙi a ƙirjinsa, irin wanda bai ji ba tun safe. Suka tattara kaya, ya juya kan mota zai koma yamma. Ba su yi nisa ba Ilse ta dafa kafaɗarsa.

"Tsaya. Mene ne wancan?"

A gindin wata sarƙaƙiya, jifa ɗaya daga hanya, kunnuwa biyu ne zagayayyu a saman busasshiyar ciyawa. Kan ya ɗago. Zakanya ce, babba, bakinta jajir har wuya, tana numfashi da ƙyar don ƙoshi. Ta dube su da idanun nan masu ruwan zuma, ba ta ko damu ba.

Henrik ya yi wani sauti kamar an danne masa ciki. Ya miƙe ta rufin mota, hawaye na bin kumatunsa, yana kiran sunan matarsa. Sironka shi ma daɗi ya kama shi, daɗin direban da ya yi makonni bai ga mai geza ba, ga tsoho ya samu abin da ya ƙetare teku sau uku dominsa. Hannunsa ya tafi inda ya saba.

"Jama'a, matar mai geza! Tana kan abinci. Gabas, bakin Kwarin Gishiri, kusa da farar ƙayar da ta tsa..."

Bai ƙarasa ba. Ya ji sunan kwarin a kunnensa kamar wani ne ya faɗa. Ya saki maɓallin, ya dubi hannunsa.

"Mun ji!" in ji Wachira. "Gabas! Ashe can ka sulale, ɓarawo!"

"A'a, ku tsaya. Na yi kuskure. Kututture ne."

"Kututture mai cin abinci? Bamasai, kada ka fara. Ka tuna mutumin taɓo. Ga mu nan!"

Muryoyi suka yi ta amsawa, mun ji, mun ji, muna tafe. Daga ƙarshe wata murya siririya, ba gaggawa a cikinta: "Ƙofa ta ji. Kada kowa ya sauka daga hanya." Sajan Chebet.

Ya zaro waya ya kira Lenkai. Ba ta shiga. Ya sake, ya sake. Ya yi tunanin ya sauka ya yi fito, amma ga zakanya a gabansa, ga baƙi a mota, kuma ko Lenkai ya ji, ina zai kora shanun da ba sa iya gudu? Hanyar fita kwarin ɗaya ce, ita ce wannan.

Zakanyar ta sunkuya ta kama abincinta ta ja shi cikin inuwa. Sai ga shi ya fito fili. Jar fata. Ƙahoni masu lanƙwasa ciki, na dama ya ɗan guntule. Kunnen hagu da tsaga biyu, shaidar gidansu, wadda ubansu ya yi da wuƙarsa. A wuya ƙararrawa, ciyawa cushe a bakinta.

Ita ce ke ja musu gaba. Shi ya sa ita aka fara samu.

"Wace irin barewa ce wannan?" Ilse ta tambaya, tana riƙe wa mijinta kyamara. "Ga wani abu a wuyanta."

Sironka ya tuna ranar da aka ba shi ita, yana zaune a kan fata da zafin kaciya, an hana shi ko ƙifta ido, Lenkai ya jawo ta har gabansa tana tirjiya, ya ce, ga taka, daga yau ba ni da sunanka.

Motoci suka iso, ɗaya bayan ɗaya, suka yi da'ira. Kyamarori suka yi ta ƙyas-ƙyas. 'Yan makarantar Wachira suna ihu ƙasa-ƙasa. Wachira ya matso da motarsa kusa, ya leƙo yana washe baki.

"Kututture, ko? Yau ka ci kyautar..." Idonsa ya kai kan ƙararrawar. Ya dubi kunnen. Ya dubi Sironka. Bakinsa ya rufe a hankali.

Koriyar motar masu gadi ta zo ƙarshe. Sajan Chebet ta miƙe ta sa madubin hangen nesa, ta daɗe tana kallo. Sironka yana roƙo a ransa ta ɗauka ɓatacciya ce, guda ɗaya da ta kuɓuce daga waje, hakan na faruwa. Ta yiwu ma ita kanta haka take so ta ɗauka, don ya ga ta sauke madubin ta ce wa direbanta wani abu, ya tada mota.

Sai kuka ya taso daga cikin kwarin. Kukan ɗan maraƙi, siriri, a dishe, irin na wanda ya daɗe yana kira. Ya yi shiru, ya sake. Wata saniya ta amsa masa, wata ma ta amsa. Ƙararrawa ake cusa wa ciyawa, ba bakin maraya ba.

Sajan ta rufe ido kaɗan. Sannan ta sa aka kashe mota, ta kira mutanenta.

Ba a yi faɗa ba. Aka sa motocin baƙi suka ja baya, aka harba bindiga sama zakanyar ta shige daji. Ba da jimawa ba shanun suka fara fitowa daga kwarin a jere, masu gadi na kora su. Haƙarƙari a waje, tozo ya kwanta, suna tafe suna haɗa hanya. Ɗan maraƙin mai farin goshi ya tsaya inda jinin yake yana shinshina, sai da wani ya ɗauke shi ya sa a bayan mota. A ƙarshe Lenkai, da jan mayafinsa da sanda, an karɓe mashinsa. Yana bin su da sassarfa yana kiran kowace da sunanta, kada su firgita. A kan duwatsun gaɓa igiyar takalminsa na taya ta tsinke. Ya sunkuya ya ɗauka ya riƙe a hannu, ya ci gaba da ƙafa ɗaya a ƙasa. Ya wuce ta gaban motar Sironka, kusa har mayafinsa ya shafi fitila. Bai juyo ba.

Sironka ya kai baƙinsa masaukin da ke bayan ƙofar gandu. Henrik ya kama hannunsa da hannu biyu masu rawa, ya ce Mama Nduta ta yi gaskiya, shi ne ya san gandun da ya fi. Ilse ta tsaya bayan mijin ya shiga.

"Saniya ce, ko? Ta mutumin nan mai jan mayafi."

"Saniya ce, Madam."

"Za a mayar masa da sauran?"

"Sai alƙali ya zauna."

Ta dubi fuskarsa, ta bi mijinta ciki.

Da la'asar sakaliya ya koma ƙofa. A bakin ƙofar direbobi sun taru suna shan shayi, wani ya hango shi ya ɗaga kofi. "Ga mai idon mikiya! Sironka ne ya gano ta, shi ya sanar!" Wachira ya daka wa mutumin tsawa ya ce ya rufe baki, amma magana ta riga ta fita, kuma shingen ba nisa, a kunnen Lenkai aka yi ta.

An kulle shanun. Suna tsaye cirko-cirko a farar ƙasa, kai a sunkuye. Biyu sun riga sun kwanta. Wani mai gadi yana juye jarkar ruwa a kwatarniyar da ta tsage, ruwan na bin tsagar yana shigewa ƙasa. Ba a kulle Lenkai ba, Sajan ta ce ba inda za shi ya bar su. Yana zaune a jikin shingen ta waje, ya miƙe ƙafafu, ta hagu duk jini da ƙaya. Takalmin da ya tsinke na yashe a gefensa.

Sironka ya tsuguna ɗan nesa da shi.

"Mai-karsana."

Lenkai ya ci gaba da kallon shanun. Cikin shinge ɗan maraƙin yana bin shanu ɗaya-ɗaya yana cusa kai a ƙarƙashinsu, kowace ta ture shi.

"Maganin yana kogon farar ƙaya. Na so in rage maka tafiya ne. Na ja su yamma duk safiya, na rantse, sai da na... Hannuna ne. Ban san lokacin da..."

"Na ce ka kai su wani dajin."

"Ka ce."

"Daji uku gare ku. Ni ɗaya gare ni."

Sironka ya sunkuyar da kai. "Gobe zan nemo ciyawa a gari, ko buhu ɗaya ne. Zan roƙi Sajan ta bari a shigar. Mai-karsana, ka ji..."

"Wace karsana?" Lenkai ya juyo, karo na farko, idanunsa jajir, muryarsa kuwa ba faɗa a ciki. "Tana cikin cikin zakanya, Turawanka sun ɗauki hoto. Tashi, direba. Motarka na jira."

Tun yana yaro rabon da ya ji wansa ya kira shi da wani abu ban da sunan nan. Da ma zaginsa ya yi, ko ya ɗaga sandar. Ya jira ko za a ƙara wata magana. Ba a ƙara ba. Lenkai ya mai da fuskarsa ga shinge, inda saniya ta uku ke lanƙwasa gwiwa a hankali, yana ce mata tashi, tashi, 'yar Nanyokie, ba nan ba.

Sironka ya miƙa hannu ya jawo takalmin. Ya je mota ya buɗe akwatin kayan gyara, ya samo guntun waya da filaya da wata tsohuwar robar tayar ciki. Ya zauna a kan matakin mota ya yanko robar daidai faɗin igiyar, ya huda tafin takalmin da ƙusa, ya zura, ya ɗaure da waya, ya lanƙwashe bakin wayar ƙasa ya daddanne don kada ta soki ƙafa. Ya ja da ƙarfi ya ga ta riƙe. Ya kakkaɓe ƙasar da ke jiki da gefen rigarsa.

Ya dawo ya ajiye shi a gefen ƙafar wansa, ya koma baya ya tsaya.

Lenkai bai dube shi ba. Can ya laluba da hannu ya ɗauki takalmin, ya cire ƙayoyin tafin ƙafarsa ɗaya-ɗaya, ya zura. Ya miƙe ya taka sau biyu. Sannan ya ɗauki sandarsa ya zaga ɗaya gefen shingen, inda ɗan maraƙin ya tsaya yana kuka, ya zura yatsunsa ta tsakanin itatuwa ya ba shi yana tsotsa.